Kiɗan Ɗaki a Kan Faifai: Schubert da Masu Goge Biyar



An nemi in yi magana a kan faya-fayan da aka ɗauka na kiɗan ɗaki na Turai, wanda aka rubuta a ƙarni na 19, zamanin da masana tarihin kiɗansu ke kira Romantik, kuma wanda ake yi da kayan tsirkiya zalla. Fagen yana da faɗi, sa'a guda ba za ta ishe shi ba. Saboda haka na zaɓi kiɗa ɗaya in riƙe shi, sauran kuma mu gaisa da su a kan hanya. Kiɗan da na zaɓa shi ne wanda Franz Schubert, mutumin Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya rubuta wa makaɗa biyar a 1828, wanda ake kira kwintet. Abin da nake so ku fita da shi daga zauren nan shi ne, duk faifan da kuka saurara na wannan kiɗa shaida ce ta rana ɗaya, da mutane biyar, da irin na'urar da ake da ita a shekarar. Wanda ya san faifai ɗaya, ranar kawai ya sani.

Kayan kiɗan dangin goge ne. Akwai biyolin, ƙarama mai siririyar murya, akwai biyola da ta ɗan fi ta girma da kauri, sai celo, wanda ake zama a kan kujera a rungume shi tsakanin gwiwoyi, muryarsa ta babban namiji. Kowanne tsirkiyarsa huɗu, ana goga su da baka mai izgar doki da aka shafa wa ƙaro. Ƙungiyar da aka fi sani ita ce kwatet: biyolin biyu, biyola ɗaya, celo ɗaya. Babu ganga, babu mawaƙi, babu madugu mai sanda a gaba. Kowane makaɗi yana da nasa layin a takarda, ba wanda ke taya shi, in ya yi kuskure ba shi da bayan wanda zai ɓuya. Da ido da numfashi suke ba juna alama.

Wannan kiɗa a gida ya tashi. Schubert yana yaro, iyalinsu suna da tasu kwatet: mahaifinsa, wanda malamin makaranta ne, yana riƙe da celo, yayyensa Ignaz da Ferdinand suna biyolin, shi kuma yana biyola. Felix Mendelssohn yana da shekara 16 a 1825 ya rubuta kiɗan makaɗa takwas da har yau ba a yi kamarsa ba, kyautar ranar haihuwa ga malaminsa na biyolin, Eduard Rietz, a gidan da ake taron kiɗa ranar Lahadi a Balin. Mai sauraro a wancan lokaci yana zaune taku uku daga makaɗi, yana jin ƙarar izga a kan tsirkiya, kuma sau da yawa shi ma ya iya. Gaskiya ne akwai irin su Ignaz Schuppanzigh da suka fara kai kwatet zauren da ake biyan kuɗi, shi ne ma ya fara kaɗa wata kwatet ta Schubert a bainar jama'a a watan Maris na 1824. Amma yawancin waɗanda suka san wannan kiɗa, da hannunsu suka san shi.

Shi kwintet ɗin da muke magana a kai, Schubert ya gama shi wajen watan Satumba na 1828. Ranar 2 ga Oktoba ya rubuta wa wani mai buga takardun kiɗa a Leipzig, Heinrich Probst, yana yi masa tayinsa. Probst bai nuna sha'awa ba, waƙoƙi ya fi so, su ne ke shiga kasuwa. Ranar 19 ga Nuwamba Schubert ya mutu yana da shekara 31. Takardar ta kwanta shekara 22 kafin ƙungiyar Josef Hellmesberger ta kaɗa shi a bainar jama'a a Biyana a 1850, sai a 1853 aka buga shi. Ku riƙe wannan: ba mu da wata al'ada da ta zo daga bakin mai kiɗan, ta cewa ga saurin da yake so, ga inda za a ja, ga inda za a sassauta. Takarda ce kawai. Kowace ƙungiya sai ta yanke wa kanta hukunci, shi ya sa faya-fayan suka bambanta haka.

Mozart da Beethoven in za su ƙara na biyar a kan kwatet, biyola suke ƙarawa. Schubert celo ya ƙara, kamar yadda Boccherini ya yi kafinsa. Wannan zaɓi shi ne sirrin kiɗan. Da celo biyu, ɗaya na iya tashi sama ya yi waƙa, ɗayan ya zauna ƙasa ya riƙe gindi. A kashi na farko akwai wurin da komai ke tsayawa a kan sauti ɗaya, sai celo biyun su zame cikin wani kari mai laushi kafaɗa da kafaɗa, biyola tana tsinkar tsirkiya da yatsa a ƙarƙashinsu. Brahms ya gwada irin wannan haɗi a 1862, abokansa suka ce bai zauna ba, ya sake masa fasali har ya koma kiɗan fiyano da kayan tsirkiya huɗu, ya lalata na asalin.

Kashi na biyu, mai tafiyar hawainiya, shi ne wanda mutane ke nema. Bari in tsaya a kansa, domin da shi za mu auna faya-fayan. Makaɗa uku na tsakiya, wato biyolin ta biyu da biyola da celo na farko, suna riƙe da wani kari mai nawa ƙwarai, har kunne ya kan rasa ko yana motsi. A samansu biyolin ta farko tana furta gajerun kalmomi a yanke, ta faɗi biyu ta yi shiru, ta sake. Can ƙasa celo na biyu yana tsinkar tsirkiya ɗaya-ɗaya. Ana cikin haka, ba sallama, sai dukkansu su kama wata karkarwa, kiɗan ya haura rabin mataki ya faɗa duhu: biyolin ta farko da celo na farko suna kuka tare, celo na biyu yana gurnani, na tsakiya suna haki. In guguwar ta lafa, karin farko ya dawo, amma yanzu celo na biyu ya daina tsinka, yana hawa yana sauka a ƙarƙashi. Mai kiɗan fiyano Arthur Rubinstein ya nemi a kaɗa wannan kashi ranar jana'izarsa. Matsalar makaɗa a nan ita ce tsawon baka. In suka yi nawa sosai, izgar za ta ƙare kafin sautin ya ƙare, karin ya tsinke. In suka yi sauri, tsayawar lokacin nan da ake nema ta tafi.

To, yanzu na'ura. Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a 1877, Emile Berliner ya zo da faifai shimfiɗaɗɗe na garmaho bayan shekara goma. Schubert da Mendelssohn da Schumann duk sun riga mu gidan gaskiya kafin nan. Brahms ya samu an ɗauke shi a 1889 yana kaɗa fiyano, sai dai ƙarar da ke ciki ta fi kiɗan yawa. Wanda ya fi mana amfani shi ne abokinsa Joseph Joachim, mai biyolin, wanda Mendelssohn ya riƙe tun yana yaro, kuma ya jagoranci kwatet mafi daraja a Jamus kusan shekara arba'in. A 1903, yana da shekara 72, ya ɗauki gajerun kiɗa guda biyar. Duk wanda ya saba da biyolin ta yau, in ya ji Joachim zai yi mamaki. Sautinsa a miƙe yake, yatsansa ba ya rawa a kan tsirkiya sai nan da can, inda yake son ya jaddada. Yana zamiya daga sauti zuwa sauti a fili, yana jan lokaci yana sakinsa yadda ya ga dama. Wasu sun ce tsufa ne. Tsufa yana ciki, amma littafin koyarwa da ya fitar da sunansa ya nuna da gangan yake tsimin rawar yatsa. Wannan shi ne kunnen da Brahms ya rubuta wa kiɗa.

Har zuwa 1925 babu makirfo a ɗakin ɗauka. Wani babban ƙaho ne ke fitowa daga bango, makaɗa su cunkushe a bakinsa, iskar sautinsu ta girgiza wata 'yar fata, fatar ta motsa allura, allurar ta yi zane a kan kaki. Ƙahon ba ya jin sauti mai kauri sosai, ba ya jin siriri sosai, ba ya jin raɗa. Har wata biyolin aka ƙera domin wannan aiki, ta Stroh, wadda aka yi wa rajista a Landan a 1899: ba ta da ƙoƙon katako, ƙahon ƙarfe ne a jikinta. Ku yi tunanin celo na biyu na Schubert yana tsinkar tsirkiya a hankali a gaban irin wannan ƙaho. Rabin abin da ya yi a ɗakin zai tsaya. Shi ya sa kwatet-kwatet na lokacin suka fi ɗaukar guntaye, kashi ɗaya, shi ma sau da yawa an datse shi.

Zuwan makirfo a 1925 ya buɗe ƙofa. Amma wani shinge ya rage, kuma shi ne nake so ɗalibai su fahimta. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti, babba mai inci 12, fuska ɗaya ba ta wuce minti huɗu da rabi. Kwintet ɗin Schubert yana cin wajen minti hamsin. Ke nan faifai biyar ko shida, gaba da baya, a cikin kundi mai nauyi, ga tsada, ga saurin fashewa. Kashin nan mai nawa da na bayyana, sai an yanka shi gida uku ko huɗu. Makaɗa su kai tsakiyar guguwa, a ɗaga musu hannu su tsaya, a canja kaki, a jira, sannan a ce su koma daidai zafin da suka bari. Kaki kuma ba ya gyaruwa. In mai biyola ya kauce a minti na huɗu, fuskar gaba ɗaya za a sake. Mai saye shi ma a gida, duk minti huɗu sai ya tashi ya juya faifai, ya canja allura, ya wana garmaho. Daga nan ne al'adar tsallake maimaici ta yi ƙarfi. Schubert ya sa alama a maimaita farkon kashi na ɗaya, minti biyar ko fiye, amma wa zai sayi ƙarin faifai don ya ji abin da ya riga ya ji? An daɗe ana tsallakewa, har bayan dalilin ya gushe.

Duk da haka, wasu daga cikin faya-fayai mafi nauyi a wannan fage a kan kakin nan aka yi su. Ƙungiyar Pro Arte ta Beljiyam ta ɗauki kwintet ɗin a 1935 tare da Anthony Pini. Amma zancen wannan zamani ba ya cika sai an ambaci Adolf Busch. Bajamushe ne, ba Bayahude ba ne, kuma gwamnatin Hitler ta so ta riƙe shi. A 1933 ya soke duk wasanninsa a Jamus, ya ƙi komawa, ya rasa babbar kasuwarsa.  A ɗakin ɗauka na Abbey Road da ke Landan, shi da Gösta Andreasson da Karl Doktor da ƙanensa Hermann suka ɗauki kwatet ɗin Schubert da ake kira Mutuwa da Budurwa a 1936, da babbar kwatet ɗinsa ta ƙarshe a 1938. In kun saurara za ku ji tsaki da ƙarar allura, cikin minti biyu kunne ya manta da su. Abin da ke saura shi ne mutum huɗu da ba sa neman su burge kowa. Kashi mai sauri suna yi masa sauri na gaske, mai nawa su ba shi haƙƙinsa, zamiyarsu tana nan amma ba ta zama ado ba. Ni a wurina, wanda bai ji Busch ba bai san iyakar abin da minti huɗu za su iya ɗauka ba.

Akwai muhawara a nan da ya kamata ku sani. Tsakanin Joachim da yaƙin duniya na biyu, rawar yatsa ta tashi daga kayan yaji ta koma tuwon kanta: kowane sauti sai an girgiza shi. Zamiya kuma ta yi ta raguwa har ta zama abin kunya. Robert Philip, a littafin da ya fitar a 1992, ya bi tsofaffin faya-fayai ya nuna yadda hakan ta faru daki-daki. Mark Katz ya ƙara da cewa na'urar kanta tana da hannu: sauti mai rawa ya fi shiga ƙaho, yana rufe ƙaramar kaucewa, kuma yana maye gurbin fuskar makaɗi da mai sauraro ba ya gani. Ba na jin na'ura kaɗai ce. Zauruka sun girma, tsirkiyar hanjin tumaki ta fara ba ta ƙarfe wuri, ga kuma mai biyolin Fritz Kreisler da kowane yaro ke son ya zama shi. Amma abu ɗaya ba shi da musu. Zamiyar da ke da daɗi sau ɗaya a zaure, in ka ji ta sau talatin a wuri ɗaya a faifai, sai ta fara gundura. Makaɗa sun ji kansu a karon farko a tarihi, suka shiga share abin da suka ga ya yi yawa.

Bayan yaƙi abubuwa biyu suka zo kusan tare. Kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai a 1948, mai juyi 33 da sulusi, fuska ɗaya ta haura minti ashirin. Sai tef, wanda Jamusawa suka ƙera tun kafin yaƙi, ya shiga ɗakunan ɗauka. Tef ana yanka shi da reza a liƙa. A karon farko kashi mai nawa ya samu ya tafi daga farko har ƙarshe ba tsayawa, kuma a karon farko aka iya ɗinka kiɗan da ba a taɓa kaɗa shi haka a ɗaki ba.

Faya-fayai biyu na farkon wannan zamani su ne har yau ake auna saura da su. Na farko daga inda ba a zata ya fito. Felix Slatkin da matarsa Eleanor Aller da abokansu Paul Shure da Paul Robyn, da rana ma'aikatan kamfanonin fim ne a Hollywood, suna kaɗa wa finafinai kiɗan bango. Da dare su zauna su yi kwatet. A 1951 suka gayyaci Kurt Reher ya riƙe celo na biyu, suka ɗauki Schubert wa kamfanin Capitol. Aikin fim ya koya musu makirfo: sun san daidai ƙarfin da yake so, sun san ba ya yafe kaucewa. Kiɗansu tsaf yake, murya biyar sai ka ce hannu ɗaya ya daidaita su, kuma ba sanyi a ciki.

Na biyu labarinsa ya fi tsawo. Pau Casals, babban mai celo na Kataloniya, ya bar Sifaniya da Franco ya ci yaƙin basasa a 1939, ya zauna a Prades, wani ƙaramin gari a kudancin Faransa a gindin duwatsun Pyrenees. Da yaƙin duniya ya ƙare, ya ga ƙasashen da suka yi nasara sun bar Franco a kan mulki, sai ya daina wasa a bainar jama'a. Aka yi ta aiko masa da tayi, ya ƙi. Alexander Schneider, mai biyolin, shi ya gano dabara: tunda dattijo ba zai fita ba, a kawo masa duniya ƙofar gida. Haka aka fara bikin Prades a 1950, shekara ɗari biyu da mutuwar Bach. A bikin 1952 ne Casals, yana da shekara 75, ya zauna da Isaac Stern da Schneider da Milton Katims da Paul Tortelier suka ɗauki kwintet ɗin. Waɗannan ba ƙungiya ba ce da ta shekara tana atisaye tare, manyan mutane ne biyar kowa da kansa. Kuna iya jin haka. Akwai inda ba su sauka tare ba, akwai inda sauti ya yi kaushi, kuma kuna jin Casals yana nishi da gurnani a ƙarƙashin kiɗan. Da a yau ne, injiniya zai share duk wannan kafin la'asar. Amma ku saurari guguwar tsakiyar kashi na biyu a wannan faifai. Ba a yi mata kwalliya ba, tsoro ne tsirara. A wannan bazara kuma Casals da abokansa suka ɗauki kiɗan makaɗa shida na farko na Brahms, shi ma haka yake, da nauyinsa da ƙurarsa.

Don ku ga nisan da takarda ɗaya ke iya tafiya, ku ajiye wasu biyu gefe da gefe. Jascha Heifetz da Gregor Piatigorsky da William Primrose da abokansu sun ɗauke shi a 1961, suka gama a wajen minti arba'in. Ƙungiyar Melos ta Stuttgart tare da Mstislav Rostropovich, a 1977, sun kusa cinye sa'a guda. Maimaicin da Melos suka dawo da shi yana cikin bambancin, amma ba shi kaɗai ba ne. Heifetz gwani ne da ba a ja da shi, sai dai a nan yana tafiya kamar mai jirgi na jiransa, kuma kunne ba ya barin biyolin ɗinsa, alhali kiɗan na mutum biyar ne. Melos kuwa sun ja kashi na biyu har bakin inda zai tsinke. Wasu ranaku ina ganin sun wuce gona da iri, wasu ranaku ina ganin su kaɗai suka gane.

Daga nan zan yi sauri. Sitiriyo ya shigo kasuwa a 1958, ya raba makaɗa hagu da dama, har ka iya nuna kujerar kowa da yatsa, wanda babbar riba ce ga kiɗan da duk armashinsa amsa-amsa ne. Faifan CD ya zo a 1982, shekarar da ƙungiyar Alban Berg ta Biyana ta ɗauki kwintet ɗin da Heinrich Schiff, faifan da ya zama ma'aunin gogewa ga 'yan baya. Su Anner Bylsma da ƙungiyarsu L'Archibudelli suka juya baya, suka koma tsirkiyar hanji da tsimin rawar yatsa, suna neman sautin da Schubert zai gane. 'Yan Cek na ƙungiyar Pavel Haas, da Danjulo Ishizaka, suka fitar da nasu a 2013, mai jini a jika. Ban taɓo Dvořák da kwatet ɗin da ya rubuta a ƙauyen Spillville na Amurka a 1893 ba, ko Smetana da ya sa ƙarar da ta riga kurumtarsa a cikin kwatet ɗinsa ta 1876, wani siririn sauti da biyolin ke riƙewa kusa da ƙarshe. Kowannensu laccarsa daban.

Amma akwai faifai ɗaya da ba zan tsallake ba, domin ya kai zancenmu maƙura. A 2005 ƙungiyar Emerson ta Amurka ta fitar da kiɗan makaɗa takwas na Mendelssohn. Su huɗu ne. Suka ɗauki layi huɗu, suka sa abin ji a kunne, suka canja kujeru, suka ɗauki wasu kayan kiɗan daban don muryoyin su bambanta, suka kaɗa sauran huɗun a kan na farko, injiniyansu Da-Hong Seetoo ya haɗa a kwamfuta. Ba su ɓoye ba, har fim ɗin yadda aka yi suka haɗa da faifan. Aikin ya yi kyau, ba na musu. Sai dai kiɗan da yaro ya rubuta don mutum takwas su zauna su kalli juna, an yi shi ba tare da mutum takwas sun taɓa zama ba. Wanda ke kaɗa layi na biyar yana amsa wa wanda ba zai iya amsa masa ba, domin na farkon ya riga ya daskare tun jiya. Kuma kada mu ɗora wa Emerson laifi su kaɗai. Yawancin faya-fayan da ake yi a ɗakin ɗauka yau ɗinki ne na guntaye masu yawa, bambancin kawai su sun faɗa. Illar da nake gani ita ce ga matasan makaɗa: suna tashi da kunnen da ya saba da kiɗan da ba kuskure, sai su hau dandamali suna tsoron abin da Casals bai damu da shi ba.

Har tsofaffin faya-fayan ma da hannun wani suke iso mana. Busch ɗin da za ku samu a intanet, wani ne ya nemo faifai mai tsabta, ya zaɓi allurar da ta dace da zanen, ya daidaita juyin, tunda ba kowane faifai ne ke juyi 78 cif ba, kuma ɗan bambanci kaɗan yana ɗaga sauti ko ya sauke shi. Sannan ya liƙa fuska da fuska yadda ba za ku ji wurin da aka tsaya ba. Irin su Ward Marston da Mark Obert-Thorn sun yi suna a wannan sana'a. In aka matsa wajen kashe ƙarar allura, sai a kashe hasken biyolin tare da ita. Saboda haka in kun tarar da kwafi biyu na faifai ɗaya, ku gwada wanda ya fi ƙara, sau da yawa shi ya fi rai.

Saura magana ɗaya ta aiki, ga ɗalibai musamman. Na san yawancinku a waya za ku nemi waɗannan abubuwa. Lasifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri. Tsirkiyar celo ta ƙasa tana girgiza sau 65 ne kacal a daƙiƙa, 'yar lasifikar nan ba ta kai can. In kun saurari Schubert a haka, kun kori celo na biyu daga ɗakin, kun biya kuɗin data kun sayi mutum huɗu. Ku sa abin ji a kunne, ko mai araha ne. Ku zaɓi kashi na biyu kawai. Ku ji na Hollywood, ku ji na Prades a bayansa, a zama ɗaya. A karo na farko kunne zai bi biyolin ta sama, haka kowa yake. A karo na biyu ku ƙyale ta, ku bi mai tsinka a ƙasa, ku lura ko yana jiran biyolin ko ita ke jiransa. A na uku ku nemi biyola, wadda ta fi kowa wuyar samu, kuma kujerar da Schubert kansa ya saba zama.

Shugaban zama, na ga an miƙo mini takarda. Masu na'ura sun ce sun shirya, saboda haka za mu saurari kashi na biyu daga faifan Prades na 1952. Zai ɗauke mu kusan rubu'in sa'a, ina roƙon a kashe wayoyi, a kuma rage fankar da ke kusa da lasifika. In ya ƙare sai a buɗe fagen tambayoyi.